WAI HAƘORI NE!

Akwai wata magana da ba mu san gidan da ba a taɓa faɗinta ba a ƙasar Hausa, tun daga gidan mai unguwa har zuwa gidan babban sakatare. Da zarar yaro ɗan shekara ɗaya ko biyu ya ƙi nono, ya ƙi kunu, jikinsa ya yi zafi, miyau na dalala daga bakinsa, sai ka ji wata tsohuwa daga bakin murhu ta yanke hukunci ba tare da ta ko leƙa bakin yaron ba, ta ce, “Haƙori ne.” Shi ke nan an rufe shari'a. Uwa ta goya ɗanta ta koma kan dakanta, uba ya saɓa gatari ya fita, kowa hankalinsa ya kwanta, ban da shi mai ciwon da ba ya da bakin faɗin inda ke yi masa zafi.

A hutun da ya wuce ɗaya daga cikinmu ya je gida ya tarar da ɗan ƙanwarsa, yaro mai wata goma sha takwas, kwana huɗu yana zawo da zazzaɓi, bakinsa duk ƙuraje. Ya ce a kai shi asibiti, aka yi masa dariya, aka ce ɗan boko bai san haƙori ba. Aka aika kemis aka sayo kwalbar “maganin haƙori” da kafso ja-da-yalo, aka ɓare aka ɗura wa yaron. Ran kwana na shida, da idanunsa suka faɗa, kuka ma ya daina fitowa, aka ɗauki hanyar asibiti da gudu. Allah ya yi da sauran kwanansa a gaba, ƙarin ruwa ya tashe shi. Amma fa har yau ɗin nan in ka tambayi mutanen gidan, cewa za su yi haƙori ne ya so ya tafi da shi. Wannan shi ya sa muka ga ya wajaba mu ɗauki alƙalami, domin idan mu da aka kashe dukiyar talakawa aka ilmantar muka yi shiru a kan wannan, to ba mu san a kan me za mu yi magana ba.

ABIN DA HAƘORI KE YI DA WANDA AKE ƊORA MASA

Bari mu fara da yi wa haƙori adalci. Yaro yana da haƙoran nono guda 20. Na farko kan ɓullo wajen wata shida, galibi na gaba a ƙasa, sauran su biyo baya sannu a hankali. Turamen farko su fito bayan an shekara, na ƙarshe kuma tsakanin shekara biyu zuwa uku. A lokacin da haƙori ke huda dasashi, lalle yaro yakan ji ƙaiƙayi da ɗan zafi, miyau ya yawaita, ya riƙa cusa hannu da duk abin da ya samu a baki, ya yi ƙiriniya, barcinsa ya ragu na 'yan kwanaki. Jikinsa yana iya ɗumi kaɗan. Iyakar laifin haƙori ke nan. Masana lafiyar yara sun bi diddigin yara rana bayan rana, suna auna zafin jikinsu suna rubuta ranar fitowar kowane haƙori, ba su sami shaidar cewa haƙori yana kawo zazzaɓi mai ƙarfi ba, ko zawo, ko amai, ko jijjiga, ko gyambo a baki. Ƙa'idar da likitoci ke bi ita ce, duk yaron da ma'auni ya nuna zafin jikinsa ya kai digiri 38 ko ya wuce, to a nemi dalilin a wani wuri.

To, ɗan'uwa mai karatu zai ce, ai iyayenmu ba mahaukata ba ne, da idonsu suka ga yara na zawo lokacin fitar haƙori, shekara da shekaru. Gaskiya ne sun gani, kuma ba mu ƙaryata idonsu ba. Fassarar abin da suka gani ita ce muke jayayya da ita. Jariri yakan zo duniya da garkuwar da ya samo daga jinin uwarsa, wannan garkuwa kuwa tana raguwa ne daidai wajen wata shida. A daidai wannan lokaci ne ake fara ba shi kunu da ruwan randa, a daidai lokacin ne yake fara rarrafe a tsakar gida inda kaji da awaki ke kashi, yana ɗaukar abin da ya tsinta yana kaiwa baki. Ƙwayoyin cuta suka sami ƙofa a buɗe, mai gadi kuma ya yi rauni. Tun da yake daga wata shida zuwa shekara uku kusan kullum akwai wani haƙori a kan hanya, duk cutar da ta zo za ta tarar da haƙori a wurin, sai a kama shi a ce shi ne ɓarawo. Faɗuwa ce ta zo daidai da zama. Ɓarawon gaskiya, watau zazzaɓin cizon sauro, ko ƙyanda, ko ciwon kunne, ko sanƙarau, ko zawon ƙazantar ruwa, sai ya sulale ya ci gaba da ɓarna.

Kada kuma wani ya ce mun zo mu ci mutuncin al'adarmu don mu burge Turawa. Su Turawan sun fi mu nutsewa cikin wannan ɓata. A shekarar 1839 littafin rajistar mace-mace na Ingila da Wales ya rubuta yara 5,016 a kan cewa haƙori ne ya kashe su. Likitocinsu na wancan zamani da wuƙa suke tsaga dasashin jarirai wai don su buɗe wa haƙori hanya. Suka kuma ƙirƙiro garin maganin haƙori mai zaiba a ciki, wanda ya jawo wa yara wata cuta mai sa hannuwa da ƙafafu su yi ja su riƙa saɓa, ta kashe da yawa, kuma cutar ba ta ɓace ba sai da aka janye garin daga kasuwa a shekarun 1950. Haƙoran yaran Ingila ba su daina fitowa ba, amma yau babu likitan da zai rubuta haƙori a takardar mutuwa. Ruwa mai tsabta da abinci da allurar rigakafi da ilmi su suka sauya lissafin. Abin da suka bari shekaru aru-aru, mu har yanzu muna riƙe da shi muna kiransa gado.

IDAN BAKIN YARO YANA CIWO

Maimakon yanke hukunci daga bakin murhu, abin da hankali ya ce a yi shi ne a wanke hannu, a kai yaro wurin haske, a buɗe bakinsa a duba. Wannan aikin minti ɗaya ne, ba ya cin ko kwabo, kuma sau da yawa shi ke raba rai da mutuwa.

Idan aka ga farin abu kamar guntun kindirmo ya manne a harshe da cikin kumatu da ganɗa, in an goge ba ya fita da sauƙi, in ya fita kuma wurin ya yi ja, to wannan fumfuna ce da likitoci ke kira kandida. Takan kama jarirai, da yaran da aka ɗura wa kafso barkatai, da waɗanda tamowa ko wata cuta ta raunana. Maganinta ɗigon nistatin ne da ma'aikacin lafiya zai rubuta, tare da duba kan nonon uwa da tafasa duk abin da yaro ke tsotsa. In ta ƙi jin magani ko tana yawan dawowa ga yaron da ya wuce shekara, to a bincika jikinsa gaba ɗaya.

Idan kuwa zazzaɓi ne mai zafi ya fara, sannan dasashi ya kumbura ya yi ja yana jini, ƙananan ƙuraje masu ruwa suka feso a leɓe da harshe suka fashe suka zama gyambo, to galibi wata ƙwayar bairas ce wadda ke yaɗuwa ta miyau, ta hanyar sumba da cokali ɗaya da tauna wa yaro abinci. Akwai kuma wata mai fesowa a baki da tafin hannu da tafin ƙafa a lokaci guda. Waɗannan sukan warke da kansu cikin mako ɗaya zuwa biyu, kafso kuwa ba ya yi musu komai. Haɗarinsu ɗaya ne: zafin baki ya hana yaro sha, ruwan jikinsa ya ƙare. Saboda haka aikin uwa shi ne ta ci gaba da ba da nono, ta riƙa ba da ruwa mai tsabta da kunu mai sanyi da kindirmo da cokali, kaɗan-kaɗan a kai a kai, ta guji yaji da tsami da abu mai zafi. A ba da farasitamol na yara gwargwadon nauyin yaro kamar yadda ma'aikacin lafiya ya ƙayyade, kada ya wuce sau huɗu a yini da kwana, domin wuce ƙima yana lalata hanta. Asfirin kuwa ba na yara ba ne ko kaɗan.

Idan ciwon bakin ya zo tare da tari da majina da jan ido, a yi tsammanin baƙon dauro. Idan gefen baki ne ke tsagewa, harshe ya yi sumul ya yi ja, to yawanci abincin yaron ne ya gaza. Idan haƙori ne ya yi baƙi ko ya yi kogo, to aikin alewa ne da lemon kwalba da shayi mai sukari da ake kwantar da yaro da shi, kuma kuskure ne babba a ce ai na nono ne zai faɗi, domin ruɓarsa tana iya tara mugunya a dasashi ta kuma taɓa na dindindin da ke ƙarƙashinsa. Wani lokaci ma abin bai wuce ƙunar kunu mai zafi ba, ko cizon harshe, ko tsinke da yaro ya faɗi da shi a baki. Shi kuwa haƙori na gaskiya, maganinsa a hannun uwa yake: ta wanke yatsa ta murza dasashin a hankali, ko ta ba shi tsumma mai tsabta da aka jiƙa da ruwan sanyi ya tauna, ta rarrashe shi.

Alamomin da ba a kwana da su a gida kuwa ga su: yaro ya kasa shan komai, ko ya yini bai yi fitsari ba, ko idanunsa da maɗigarsa suka faɗa, ko ya yi laushi ba ya farkawa sosai, ko ya yi jijjiga, ko numfashi ya yi masa wuya, ko zazzaɓi ya ƙi sauka, ko bakinsa ya fara wari, ko kuncinsa ya kumbura. Mai zawo a fara masa ruwan gishiri da sukari tun a gida, ko na ƙunshi da ake samu a asibiti, ko a haɗa cokalin shayi shida na sukari da rabin cokalin shayi na gishiri a lita ɗaya ta ruwa mai tsabta, sannan a kama hanya. Duk zazzaɓi a ƙasarmu ya cancanci gwajin cizon sauro.

NOMAN DA BA NA ARZIKI BA

Mun ajiye warin baki da kumburin kunci a ƙarshe da gangan, domin a nan ne maganar ta fi ɗaci. Mu Hausawa mun san noma tushen arziki. Amma a bakin likitoci akwai wata noma, kalma ce daga harshen Girkawa mai ma'anar cinyewa, kuma ita tushenta tsiya. A karkara wasu na kiranta ciwon daji, wasu ciwon iska. Tana kama yara 'yan shekara biyu zuwa shida, musamman waɗanda aka yaye cikin yunwa, ko waɗanda suka tashi daga ƙyanda ko zazzaɓin cizon sauro. Takan fara da abin da kowa zai raina: dasashi ya yi ja, yana jini in an taɓa. Sai ya zama gyambo mai wari. Sai kunci ya kumbura. Sai wurin ya yi baƙi, nama ya mutu, ya zube, ya bar rami a fuska har ana hango haƙora da ƙashin muƙamuƙi. Duk wannan yana iya faruwa cikin mako biyu. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta a 1998 cewa yara 140,000 ke kamuwa da ita kowace shekara, kuma in ba a yi magani ba tara cikin goma mutuwa suke. Wanda ya tsira yakan rayu da fuskar da ake ɓoyewa a ƙuryar ɗaki, wani muƙamuƙinsa ya ɗafe ba ya iya buɗe baki ya ci ko ya yi magana, ba makaranta, ba aure, ba shiga jama'a.

Abin da zai sa mutum ya zubar da hawaye shi ne, a matakin farko wannan dodo ba ya da wani ƙarfi. Maganin kashe ƙwayoyin cuta irin su amoksisilin da metronidazol a hannun wanda ya san aikinsa, da wanke baki, da abinci mai gina jiki, sun isa su tsayar da ita cikin 'yan kwanaki. Amma matakin farkon shi ne daidai lokacin da ake cewa haƙori ne. Mataki na biyu a ce iska ce, a tafi wurin mai magani. Sai fuska ta ɓule sannan a tuna da asibiti. Wannan cuta ta taɓa zama ruwan dare a Turai, ta ɓace da mutane suka ƙoshi, ba ta sake bayyana a can ba sai a sansanonin da 'yan Nazi suka tsare mutane cikin yunwa lokacin Yaƙin Duniya na Biyu. A lura da kyau: abin da sai a sansanin azaba ake ganinsa a Turai, mu a ƙauyukanmu yake cikin zaman lafiya, ƙarƙashin tutar 'yancin kai.

Tun 1999 akwai asibiti na musamman don wannan cuta a Sakkwato, ƙungiyar likitocin nan ta MSF tana taimaka masa tun 2014, a Damagaram kuma ƙungiyar Sentinelles ta daɗe tana karɓar irin waɗannan yara. A watan Disamba na 2023 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa noma cikin jerin cututtukan da aka yi wa riƙon sakainar kashi, kuma Nijeriya ce ta jagoranci neman hakan. Mun yaba wa duk wanda ya sa hannu. Sai dai muna tambaya: abin alfahari ne a ce ƙasar da ke haƙo man fetur tun 1958 ita ce kan gaba wajen cutar da yunwa ke haifarwa? Likitan fiɗa yana iya ɗinke fuska ɗaya cikin sa'o'i da yawa, amma kwanon abinci da allurar ƙyanda za su hana dubu ɓulewa.

SU WA KE CIN RIBAR WANNAN MAGANA?

Ƙarya ba ta daɗewa haka sai in akwai mai ci da ita. Na farko shi ne mai kemis da ɗan tallan magani a tasha da kasuwar ƙauye. Shiga kowane shago ka ce yaro na haƙori, ba za a tambaye ka shekarunsa ba balle nauyinsa, za a jero maka kwalabe da ƙunshin gari. Wasu farasitamol ne da maganin sa barci aka gauraya, yaro ya yi luf, uwa ta ce magani ya yi aiki, alhali cutar tana nan tana ci. Kafson ja-da-yalo da ake ɓarewa, watau tetarasaikilin, an hana ba da shi ga yaron da bai kai shekara takwas ba, domin yana rina haƙoran da ke tsirowa har abada. Man shafawa a dasashi mai sa wuri ya mutu, irin mai sinadarin benzoken, hukumar magunguna ta Amurka ta yi gargaɗi a 2018 kada a shafa wa yaron da bai kai shekara biyu ba, saboda yana iya hana jini ɗaukar iska.

Wanda ya ce muna ƙara gishiri, to ya tuna da My Pikin. A ƙarshen 2008 aka fara kai yara asibitoci a Legas da Zariya da wasu garuruwa, fitsari ya ɗauke musu, ƙoda ta mutu. Bincike ya nuna maganin haƙori ne mai wannan suna, wanda aka haɗa da dayetilin gilaikol, sinadarin da ake amfani da shi a man birki da ruwan sanyaya inji. Zuwa farkon 2009 hukuma ta ƙirga yara 84 da suka mutu. A 2013 Babbar Kotun Tarayya a Legas ta yanke wa ma'aikatan kamfanin biyu ɗaurin shekara bakwai-bakwai. Kuma ba shi ne karo na farko ba, domin a 1990 wannan guba ɗin dai, cikin ruwan farasitamol, ta kashe yara fiye da 100 a Jos da Ibadan. Iyayen nan ba ƙin 'ya'yansu suke yi ba. Ƙauna ce ta kai su shago, suka sayi maganin cutar da babu ita, suka dawo gida da ajali a kwalba.

Na biyu shi ne wanzami. Muna girmama sana'ar gado, amma girmamawa ba ta hana faɗin gaskiya. Yaro ya yi ciwon maƙogwaro ko ya ƙi cin abinci, a ce beli ne, a danne shi a sa ƙarfe a yanke. Belin nan halitta ce da kowane ɗan Adam ke da ita, ba cuta ba ce. Abin da yankan ke jawowa shi ne zubar jini ga yaron da dama jininsa bai isa ba, da cutar sarƙe-haƙora, da ciwon hanta ko ƙanjamau in an yi wa yara da yawa da aska ɗaya, sannan ga sabon rauni a bakin da dama zafi ya hana shi ci. An je neman ƙiba an samo rama.

Na uku, kuma babbansu, su ne masu riƙe da akalar mulki. Maganar “haƙori ne” ta yi musu daɗi ƙwarai, domin yaron da haƙori ya kashe ba ya cikin lissafin kowa. Ba a tambayar shugaban ƙaramar hukuma ina rijiyar burtsatse, ba a tambayar kwamishina ina allurar rigakafi. Binciken lafiya na ƙasa na 2018 ya nuna cewa cikin kowane yara 1,000 da aka haifa a Nijeriya, 132 ba sa kai shekara biyar, kuma a Arewa maso Yamma yara 57 cikin 100 sun tsumbure saboda ƙarancin abinci. A 2001 shugabannin Afirka suka taru a Abuja, a cikin gidanmu, suka yi alkawarin ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗi don lafiya; gwamnatin tarayya ba ta taɓa cika wannan alkawari ba. Marigayi Farfesa Olikoye Ransome-Kuti, likitan yara, da ya riƙe ma'aikatar lafiya daga 1985 zuwa 1992, ya nuna cewa ana iya kai lafiya matakin farko har ƙauye in an so. Yau je ka ɗakin shan magani na ƙauyenku ka gani ko akwai ma'aunin zafin jiki. Uwar da ta yi tafiyar sa'a biyu ta tarar da ƙofa a kulle, gobe wurin mai kemis za ta, kuma ba mu da bakin zarginta. Masu kulle ƙofar kuwa, in jikansu ya yi atishawa, sai jirgin Landan ko Dubai ko Alƙahira.

SAURA MU

Mun san abin da za a ce. Za a ce yara ne marasa kunya, sun yi aji biyu a jami'a suna gyara wa kakanninsu zance. Za a ce rai da ajali na Allah ne. Mun yi imani da haka, amma wanda ya halicci cuta shi ya halicci magani, ya kuma ba mu hankalin nema, kuma babu malamin kirki da zai ce a zauna a zuba wa yaro ido yana bushewa. Za a ce da wannan hanya aka rene mu, ga mu mun girma. Mun girma, amma kowa ya je ya tambayi mahaifiyarsa su nawa ta haifa, su nawa suka rage. Waɗanda aka binne ba sa nan balle su ba da shaida.

Laifinmu mu 'yan boko ya fi na tsohuwar bakin murhu, domin ita iyakar saninta ke nan. Mu ne muke cika ɗakin taro muna muhawara a kan jari-hujja da mulkin mallaka har asuba, amma mu koma gida mu ga ana ɗura wa ɗan ƙanwarmu kafso mu kau da kai don kada a ce mun yi rashin kunya. Ma'aikaci mai albashi, da digirinsa a bango, shi ne zai biya kemis a hanyarsa ta dawowa daga ofis ya ce a ba shi maganin haƙori. Ilmin da bai tsallake zauren gidanmu ya shiga cikin gida ba, ado ne kawai.

Saboda haka muna kira ga kowane ɗalibi da kowane matashin ma'aikaci da ya ɗauki waɗannan a matsayin aikinsa na hutu. Ya zauna da iyaye mata da ladabi, da harshen da suke ji, ya nuna musu yadda ake buɗe bakin yaro a duba kowane mako. Ya koya musu goge haƙoran yaro safe da dare tun daga na farko, da tsumma mai tsabta ko ƙaramin buroshi da man goge baki mai fuloraid kamar ƙwayar shinkafa, har ya isa riƙe asuwaki. Ya duba katin rigakafin kowane yaro a gidan, ya tabbata an yi allurar ƙyanda ta wata 9 da ta wata 15. Ya yi magana a kan nono zalla har wata shida, da ci gaba da shayarwa har shekara biyu, da sa gyaɗa da wake da ƙwai da zogale a abincin yaye. Ya sayi ma'aunin zafin jiki ya ajiye a gidan. Ɗaliban likitanci da na jinya su fita ƙauyuka, su zauna da wanzamai da ungozomai da masu maganin gargajiya, tun da wurinsu ake fara zuwa, su nuna musu dasashin da ke jini da kuncin da ya kumbura, su roƙe su su tura irin waɗannan asibiti a ranar.

Ga hukuma kuma muna neman abu uku, ba roƙo ba, haƙƙi. Hukumar NAFDAC ta hana tallan duk wani abu da sunan maganin zazzaɓi ko zawon haƙori, domin sunan kansa yaudara ne. A horar da kowane ma'aikacin lafiya na karkara ya riƙa duba bakin duk yaron da aka kawo masa, ko da ciwon ƙafa aka kawo shi. Kuɗin da Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ware don lafiya matakin farko, a buga a bangon kowane ɗakin shan magani nawa ya iso da abin da aka saya da shi, don talaka ya karanta ya yi tambaya.

Yaro ɗan shekara biyu ba ya da ƙungiya, ba ya da mujalla, ba ya zanga-zanga. Kuka kawai ya iya, mu kuwa mun ɗauki shekaru muna fassara kukan nan da kalma ɗaya don mu huta. Daga yau, duk inda ɗayanmu ya ji an ce haƙori ne, ya tashi ya wanke hannunsa, ya ce a kawo yaron a gani. Allah ya raya mana su, ya ba mu ikon sauke nauyinsu. Wassalam.